Murfin Tanki Na Uku

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe 4:20 na yamma

Na dawo daga asibiti. Na wanke gaban tanki na uku da tiyo har sau biyu, amma siminti ya riga ya sha jinin. Sauran tabon na jawo kwandon shara na ɗora a kai.

Merv ne. Mervyn Kuchel, shekara goma sha tara yana aiki a gidan man nan, tun mijina Trevor yana da rai. Kowace safiya ƙarfe shida da kwata shi ke ɗaga murafan tankunan ƙasa, ya zura sandar awo, ya rubuta yawan man da ya rage a littafi. Yau ya auna na ɗaya, ya auna na biyu. Murfin na uku, na dizal, shi ne ya kuɓuce masa. Murfin ƙarfe ne mai nauyin buhun siminti, a hannunsa na dama ya sauka. Ina cikin kanti ina kunna injin kofi na ji ya ƙwala mini kira da wata murya da ban san shi da ita ba.

Ni na kai shi. Kilomita saba'in, hannun naɗe cikin tawul ɗin kicin. Mun yi wata magana a mota. Ba zan rubuta ta ba.

A asibiti matar da ke cike takarda ta tambaye shi, "A wurin aiki ne ko a gida?"

Ya ce, "A gida. Ina ɗaura 'yar tirelata a bayan mota, bakinta ya faɗo mini."

Ina tsaye a bayansa riƙe da hularsa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ke ce matarsa?"

Ya ce, "Allah ya kiyaye! Uwar ɗakina ce. Matata kyakkyawa ce."

A wannan halin fa. Matar ta yi dariya, ni ma na yi.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe 7:05 na safe

Ni na yi awon yau. Rabona da ɗaga murafan nan tun ƙuguna yana da sauran amfani. Na ɗaya da na biyu na lallaɓa su da sukudireba yadda Merv ke yi, na dizal kuwa sai da na jira direban motar burodi ya kama mini. Ya ce, "Ina ƙugiyarku ta ɗaga murfi? Wannan abin ai sai ya cire wa mutum yatsu." Na ce wani ne ya ara.

Babu wanda ya ara. Tun Nuwamba ta karye. Sau uku Merv yana yi mini magana, ta ƙarshen ma a rubuce ya manna a firiji: Uwar ɗaki, ƙugiya, ko sai na mutu? Na ce masa 'yan watanni suka rage in sayar da wurin, mai saye ya sayi ƙugiyarsa. Ɗazu na ɓalle takardar daga firijin. Ban yar ba, tana cikin littafin nan.

A littafin awo, layin dizal na jiya babu komai. Na cike shi da hannuna.

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe 1 na rana

Sabuwar ƙugiya ta iso. Dala tamanin da huɗu, kwana biyu a hanya. Da hannu ɗaya na ɗaga murfin. Na rataye ta bayan ƙofa inda ba zan riƙa ganinta ba.

Juma'a, 7 ga Maris, ƙarfe 3:30 na yamma

Sun wuce da Merv babban asibitin birnin Adelaide, an yi masa aiki jiya. Matarsa Valmai tana Darwin wurin 'yarsu lokacin da abin ya faru, ta hawo jirgi kai tsaye. Na kira shi. Ya ce, "Uwar ɗaki, sun naɗe ni kamar kyautar Kirsimeti. Kin ba tsuntsayen nan ruwa?" Akwai wasu tsuntsaye da yake ajiye wa ruwa a tsohuwar taya bayan kanti. Na ce na ba su. Ban ba su ba, sai da na ajiye waya na je na zuba.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko na samu in yi numfashi. Ranar 2 ga Afrilu zan sa hannu in sayar wa Mista Dhillon gidan man. Shekara uku ina neman mai saye, don ba kowa ke son wurin da babbar hanya ta kauce masa ba. Cikin takardun akwai wadda zan rantse a cikinta cewa babu wani ma'aikaci da ke neman diyyar rauni, kuma babu wani gargaɗi daga masu duba lafiyar wuraren aiki. Shekarata sittin da uku, gwiwoyina sun gaji, na riga na ga ɗan gidan da nake so kusa da 'yata Kerryn a Adelaide.

Inshorar ma'aikata kuwa, shekara ashirin da biyu ina biya ban taɓa fashi ba, ina biya ina mita. Don irin ranar Litinin ake biyanta. Ita ce za ta ɗauki likita da magani da kuɗin mota zuwa Adelaide, ta kuma riƙa ba shi albashi yana kwance. Takardarta tana nan a bango gefen firijin madara, cikin gilashi, ni da kaina nake goge mata ƙura.

Na ce wa Merv zan riƙa biyansa daga aljihuna. Har zuwa yaushe, ban faɗa ba, shi ma bai tambaya ba.

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe 11 na safe

Ba ruwan sama har yanzu. Manoma suna shigowa suna duban sama kamar ta ci musu amana.

Noel Zadow ya zo, shugaban 'yan kwana-kwanan sa-kai na garinmu, ƙato mai muryar da ake ji daga famfon mai na huɗu. Ya dire wani gwangwani gefen injin kuɗi. An manna hoton Merv yana riƙe da ƙaton kifi, an rubuta: Mu taimaki Merv, ya ji rauni a gida, ba shi da inshora.

Ya ce, "Glen, nan ya fi dacewa, kowa a garin nan sai ya bi ta gabanki." Ya girgiza kai. "Ke dai ki ga rashin sa'a. Da a nan wurinki ya ji ciwon ai da ya huta, inshora ta ɗauke komai, ya miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo. Amma tsohon banza sai ya je ya ji a gida!"

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Ke ma kin yi ƙoƙari. Kilomita saba'in, kin rufe kanti da safe. Ba kowane mai gida ke yi ba."

Na ba shi kofi kyauta don ya tafi. Bai tafi ba, sai da ya shanye.

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Kowa sai ya ce, "Canjin, saka a na Merv." Da hannuna nake sakawa. Gwangwanin yana da ƙara.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe 4:45 na yamma

Merv ya dawo gida shekaranjiya. Yau Noel ya tara mutum biyar suka je gyara tirelar da ta ji masa ciwo, don haka ake yi a nan, ba a barin abin da ya cuci mutum ya sake cutar wani. Na kai musu burodi da nama. Da na san abin da zan tarar da na aika kawai.

Maza biyar sun zagaye 'yar tirelar itace, sun ɗaga bakinta, sun sauke, sun ƙare mata kallo, sun rasa inda take da laifi. Merv yana zaune a kujera da hannu rataye a wuya, ya rame, hancinsa ya ƙara tsawo.

Noel ya ce, "Kai Merv, wannan abar ko kyanwa ba za ta ji wa ciwo ba. Tashi ka nuna mana yadda ka yi."

Merv ya ce, "Ku sa naku hannun mana mu gani, tunda kun fi ni wayo."

Aka yi dariya. Amma Noel ya nace, sai ga Merv ya tashi yana kwatantawa da hannun hagu, wai nan na tsaya, wai haka na sunkuya. Mutumin da ko a wasan kati ba ya iya ɓoye abin da ke hannunsa. Kunnuwansa suka yi ja. Bai kalli inda nake ba ko sau ɗaya, kuma na gode masa da hakan. Kunya ta ishe ni, na shiga tattara faranti tun ba a gama ci ba.

Da suka rasa abin gyarawa sai suka canza ƙaramar tayar gaba, sabuwa ful, Noel ya saya da kuɗinsa.

Valmai ta raka ni mota. Gajeriyar mace ce, ba ta da yawan magana, shekara da shekaru tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Ta ce, "Mun gode da burodi, Glenys." Idonta ba a kaina yake ba, yana kan ciyawar da ta tsiro ta cikin tayoyin tirelar.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe 2 na rana

Wani ya sha mai ya gudu jiya, na shiga ofis in duba lambar motarsa a kyamara. Ina komawa baya a hoton sai ga murafan ƙasa. Na manta kyamara ta biyu tana kallon tankuna.

Ranar 3 ga wata, ƙarfe 6:19. Ga shi nan da hularsa, ga sukudireba, ga yatsunsa a ƙarƙashin murfi. Babu sauti. Sau ɗaya na kalla.

Na'urar kwana ashirin da takwas take riƙewa, sannan ta shafe tsoho ta ɗora sabo a kai. Ranar 31 ga wata za ta shafe da kanta. Ba sai na taɓa komai ba.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe 6:40 na safe

Saura kwana goma sha uku. Ban taɓa komai ba.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe 3:15 na yamma

Merv da Valmai sun je ganin likitan hannu jiya. Noel ne ya kawo labarin, shi ya tuƙa su. Jijiyoyin yatsu biyu sun manne, ƙaramin da na kusa da shi, sai an sake buɗewa. Likita ya ce kowane mako da ya wuce yana rage sa'a. A layin asibitin gwamnati ba a san ranar ba, zai iya kai wata huɗu ko biyar. A asibitin kuɗi kuwa mako mai zuwa ma za a iya.

Noel ya ce, "Har likitan ya sake tambayarsa, ka tabbata ba a wurin aiki ba ne? Wai irin wannan murjewar ya fi ganinta a masu aiki da ƙarfe. Merv ya ce masa, likita, ni na ji ciwon ko kai?" Ya bushe da dariya, ya jefa wani abu a gwangwani.

Na tambayi kuɗin aikin a asibitin kuɗi. Ya faɗa. Gwangwani goma ba su kai ba, aljihuna ma bai kai ba sai bayan an yi ciniki, kuma ko an yi, sai an jira banki. Na yi ta juya wannan a kaina duk yamma kamar wadda ke neman mafita. Mafitar tana rataye gefen firijin madara, na sani.

Merv shekararsa sittin. Fansho sai ya kai sittin da bakwai. Mista Dhillon bai yi alkawarin riƙe kowa ba, balle mai hannu ɗaya.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe 6:35 na safe

Saura tara. Na ba tsuntsaye ruwa. Ban taɓa komai ba.

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe 2:30 na rana

Valmai ta zo lokacin da ta san babu kowa. Ta ɗauko madara lita biyu ta ajiye a gabana, ta tsaya.

Ta ce, "Na yanke ciyawa jiya. Sai da na tura tirelar nan. Kin san kaza ta yi ta ƙwai a ƙarƙashinta tun Kirsimeti? Goma sha ɗaya na samu, duk sun ruɓe. Ko ɗaya bai fashe ba, kamar tirelar ba ta taɓa motsawa ba."

Na ce, "Ikon Allah."

Ta ce, "Wandonsa kuma da asibiti suka ba ni a leda, gwiwoyin dizal suke wari. Motarmu fetur take sha."

Na kama goge teburin da ba shi da datti.

Ta ce, "Ba tambayarki na zo yi ba, Glenys. Shi na tambaya, ya ce in bar maganar. Shekara talatin da takwas muna tare bai taɓa duban idona ya yi mini ƙarya ba, sai a kanki. Da safe ni ke ɓalle masa maɓallin riga. Jiya na same shi a garejinsa yana son ɗaura ƙugiyar kamun kifi da haƙori."

Ta miƙo dala biyar. Na ciro canji. Ta ce, "A'a, saka a gwangwanin."

Ta tsaya har sai da ta ji ƙararsa, sannan ta ɗauki madararta.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe 6:10 na safe

To, zan rubuta maganar da muka yi a mota ranar da na kai Merv asibiti.

Mun wuce gadar jirgin ƙasa, tawul ya jiƙe sharkaf, fuskarsa ta yi fari fat. Na ce, "Merv, in ka ce a wurin aiki ne, cinikin ya rushe. Wata ɗaya kacal ya rage. Ka ce a gida ne, ni zan kula da kai."

Ya ce, "Kada ki damu, uwar ɗaki. Ba zan tona ki ba."

Ba shi ke nan ba. Na rage gudu. Na ga mun kusa shiga gari ban faɗa ba, sai na ɗaga ƙafata daga totur don in samu lokacin faɗa. Mutum yana zubar da jini a kujerata. Wannan ne ban iya gaya wa kowa ba, ko Kerryn.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe 5:20 na yamma

Na je gidansu. Valmai ta buɗe mini, ta ce yana baya, ta koma kicin ta rufe ƙofa.

Yana zaune gefen tirelar da sabuwar tayarta yana matsa wata 'yar ƙwallon roba. Yatsu uku suna matsawa, biyu suna tsaye a sandare.

Na ce, "Tsoho, zan kira inshora in gaya musu gaskiya."

Ya ce, "Ba za ki kira ba."

Na ce, "Hannunka fa?"

Ya ce, "Hannuna ne ai. Garin nan kaf sun zuba kuɗi a gwangwani, har tsohuwar nan mai sandar ƙarfe. Noel ya sayi taya. Fasto ya yi mini addu'a da sunan tirela. Yanzu ki fito ki ce musu Merv Kuchel ƙarya ya shara musu? Da wane ido zan shiga mashaya?"

Na ce ni ce na sa shi, kuma haka zan faɗa.

Ya ce, "Amma bakina ne ya faɗa. Ni ban taɓa tona abokin zama ba, ba kuma a kanki zan fara ba. Saura kwana biyar, ki sa hannunki ki tafi Adelaide." Ya ajiye ƙwallon. "Kin ce in yi ƙarya, na yi. Yau kuma kin ce in fasa. Sai yaushe za ki tambaye ni abin da ni nake so?"

Na ce, "To me kake so?"

Ya sake ɗaukar ƙwallon ya matsa. Sannan ya ce, "Ƙugiya nake so. Tun Nuwamba."

Na fito ban yi wa Valmai sallama ba. A mota na ji wani ɓangare na zuciyata yana murna, wai ai shi ya hana. Na tsani kaina da na ji wannan murnar, amma na ji ta.

Lahadi, 30 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

Bayan coci aka yi gashin nama a filin ƙwallo don tara masa kuɗi. Noel ya kama lasifika, ya gode wa kowa, sannan ya ce, "Ina Glenys Linke? Ɗaga hannu a gan ki! Ga uwar ɗakin da kowa zai so." Aka tafa. Merv yana gefe, Valmai tana yanka masa nama ƙanana-ƙanana kamar na yaro. Shi bai tafa ba, ba shi da abin tafawa. Ita kuma wuƙa ce a hannunta.

Na ɗaga hannun. Na ɗaga, Allah ya gani.

Daga nan ban tsaya ba sai ofis. Gobe da safe na'urar za ta shafe. Ban san yadda ake kwafa ba, na kira Kerryn ta riƙa gaya mini abin da zan danna. Ta ce, "Mama, wani ya sake gudu da mai ne?" Na ce a'a, ta dai tsaya a kan waya. Da ya gama na gaya mata duka, har da rage gudun. Ta ce, "Haba Mama." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe 10:40 na safe

Na ciro littafin rauni daga ƙarƙashin akwatin magani. Rubutu na ƙarshe a ciki na shekara shida da suka wuce ne, wata ta ƙone da man suyar dankali. Na rubuta na Merv da ranarsa ta gaskiya da ta yau, da ƙugiyar da ta karye tun Nuwamba.

Sannan na kira kamfanin inshora. Mace ce ta ɗauka, muryarta a kwance.

Ta ce, "Yaushe abin ya faru?"

Na ce, "Uku ga Maris."

Na ji ta daina buga na'ura. Ta ce, "Me ya sa sai yau? Kuma me aka rubuta a asibiti?"

Na ce, "An rubuta a gida ne. Ni na ce masa ya faɗi haka. Ina da hoton kyamara, ina da takardar da ya rubuta mini yana neman ƙugiya."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce za a turo mai bincike, akwai yiwuwar tara, dole kuma in sanar da masu duba wuraren aiki yau ɗin nan. Merv ma sai ya cike tasa takardar kafin a yi komai.

Na kira masu dubawar. Na kira Mista Dhillon, ya ce ya gode da na gaya masa, zai yi magana da lauyansa. Na buga takardar Merv na kai na zura a akwatin wasiƙunsu, ban ƙwanƙwasa ba.

Laraba, 2 ga Afrilu, ƙarfe 1:15 na rana

Yau ce ranar sa hannu. Ba a sa ba.

Valmai ta kawo takardar da safe. Ya sa hannu da hagu, kamar rubutun ɗan aji ɗaya. Na ce, "Ya yake?" Ta ce, "Kwana biyu bai yi mini magana ba. Zai yi." Ba ta sayi madara ba.

Noel ya zo ɗaukar gwangwani. Bai yi ihu ba, karo na farko tun da na san shi. Ya ce, "A gaban gari na tsaya na yabe ki, Glen." Na ce na sani. Ya ce Valmai ta ce a ba 'yan kwana-kwana kuɗin, su ba za su taɓa ba. Ya biya kofinsa, ya ƙirga daidai.

Inda gwangwanin ya zauna ya bar zagaye a teburi. Na goge bai fita ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, ƙarfe 3 na yamma

An yi wa Merv aikin hannun shekaranjiya, inshora ta ɗauka. Valmai ta turo saƙo layi biyu. Yatsan da ke kusa da ƙaramin zai lanƙwasu in ya dage da motsa shi. Ƙaramin ba zai lanƙwasu ba.

Na tambaya ko likita ya ce jinkirin ne. Ta ce bai ce shi ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Daga ranar da likita ya fara faɗa zuwa ranar da na kira inshora kwana goma sha biyu ne. Na ƙirga ya fi sau goma, bai ragu ba.

An fara yayyafi.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe 7:20 na safe

Ina durƙushe gaban tanki na uku da sandar awo sai na ga inuwa. Merv ne, da ƙafa ya tako, hannun cikin wani abin roba fari. Ya duba sandar ta saman kafaɗata.

Ya ce, "Kin karanta a karkace. Goge ki sake."

Na goge na sake. Gaskiyarsa, na yi kuskuren lita ɗari biyu.

Na ce, "Za ka sha kofi?"

Ya ce, "A'a, na gode, Misis Linke. Tsuntsaye na zo dubawa."

Shekara goma sha tara bai taɓa kirana haka ba. Na sunkuyar da kai ina rubuta lamba.

Ya ga ƙugiyar a ƙasa gefen murfin. Ya sunkuya ya ɗauka da hagu, ya juya ta, ya duba walda, ya jinjina nauyinta.

Ya ce, "Nawa kika saya?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Kwana nawa ta yi a hanya?"

Na ce, "Biyu."

Ya gyaɗa kai. Ya maƙala ta a murfin, ya ja da hannu ɗaya, murfin ya koma mazauninsa ba ko ƙara. Ya miƙo mini ita ta wajen mariƙi.

Ya ce, "Mai kyau ce."

Sannan ya zagaya bayan kanti, na ji yana buɗe famfo.